Yadda kalma ɗaya ta haɗa mu

Wurin aiki ne suka tura ni horo na sati biyu a Istanbul, mu wajen ashirin daga ƙasashe daban-daban, kuma wallahi kwana ukun farko ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da kowa. Ana tashi kowa ya kama wayarsa, ni ma na shige ɗakina a otal.

Ran na huɗu ne intanet ya ɗauke muna tsakiyar aiki, na ce "kai duniya!" da ƙarfi ban ma sani ba. Sai wani ɗan Tanzaniya ya juyo ya ce me na ce? Ashe su ma "dunia" suke cewa da Swahili, wata 'yar Indonesiya ta ce su ma haka, Baturken da ke koyar da mu ya ce nasu "dünya" ne. Shi ke nan fa aka watsar da aiki aka hau tono kalmomi, labari da Swahili "habari", alƙalami Turkawa "kalem", sabulu da Swahili "sabuni", duk daga Larabci muka kwaso, kowa na ihu in tasa ta fito kamar yara.

Daga ranar tare muke fita yawo da yamma, har jirgin ruwa muka hau muka tsallaka Bosphorus, ruwan da ya raba birnin biyu, daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya. Turancin wasunmu kam sai a hankali, rabi da hannu ake maganar, amma an sha dariya.

Group ɗin WhatsApp da muka buɗe yanzu mu huɗu kawai ke magana, ɗan Tanzaniyan nan jiya ma ya turo min "wakati" wai in canka.