Godiya ga waɗanda suka tsaya wa ɗalibanmu a baje kolin ɗinki

Alhamdulillahi, baje kolin ɗinkin da 'yan aji biyar da aji shida na makarantarmu suka shirya ya kammala lafiya. Jama'a sun watse ban samu na gaisa da kowa ba, shi ya sa na zo nan in yi godiya a madadin malamai da ɗalibai.

Zan fara da telolin Babbar Kasuwar Sakkwato. Tun farkon zango muka roƙe su kada su share ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin keke, su tara mana. Buhu-buhu suka aiko: guntun atamfa, shadda, leshi, har da tsofaffin zif da maɓallai. Duk jakar littattafai da abin goge ƙafa da rigar 'yar tsana da kuka gani a kan tebura daga nan suka fito, ba mu sayi ko yadi ɗaya ba. Baba tela, kai da ka riƙa rufe shagonka kana zuwa koya musu, Allah ya saka da alheri. Ba ka bar yaro ya taɓa almakashi ba sai ya zana rigar a takarda, ya auna da tef, ya ja layi da alli. Wani yaro ya yi gaggawa ya yanke hannun riga gajere, ya fashe da kuka. Ka zauna kusa da shi ka ce, "Share hawayenka ɗana, mu mai da shi aljihu." Wannan aljihun yana jikin jakar da iyaye suka fi ɗauka hoto.

Godiya ta musamman ga Inna, kakar ɗaya daga cikin ɗalibanmu, da ta zo da mazarinta da auduga. Yaran da yawa ba su taɓa ganin ana kaɗi ba. Ta gurje, ta shiɓe, ta murza mazari a ɗan kasko, zare yana fitowa tsakanin yatsunta, ajin ya yi tsit. Daga nan ne lissafinmu ya shige su. An ƙiyasta cewa rigar auduga guda mai gajeren hannu tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa shago. Muka raba da jarkar ɗan garuwa mai lita 25, ya ba mu jarka 108. Yaron da ya san wahalar ruwa a gidansu ba ya buƙatar dogon bayani bayan wannan. Washegari wasu suka zo da rigunan da aka jefar a gida, suna neman a nuna musu faci da kalmasa.

Mun gode wa marinin da ya nuna musu yadda baba da toka ke haɗuwa su ba da shuni, da yadda zane ke fitowa kore daga ruwan rini, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansu. Haka dukawan Shiyar Madunka da suka ba mu ragowar fatar jan akuya aka yi hannun jakunkuna. Yaran sun ji daga bakinsu cewa wannan fata ce a da aka riƙa kaiwa ta hamada, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Na ga yadda suka ƙara riƙe guntayen da daraja. Mun kuma gaya musu yadin roba daga man fetur ake yinsa, ba ya ruɓewa in an yar, sai ya toshe magudanar ruwa da damina, kuma su kansu sun san yadda yake dafa jiki a zafin Afrilu.

Iyaye, musamman ku da kuka yi ɗari-ɗari da ganin ɗa namiji da allura sannan kuka bari, mun gode ƙwarai. Shugaban makaranta da ya ba mu aji da lokaci, da maigadi da ya kwashe tebura shi kaɗai, Allah ya biya ku.

Kuɗin kayan da aka saya za mu sa su a allurai da zare na zango mai zuwa. Telan da ke da ƙyallaye, ko gidan da ke da tsohon keken ɗinki da ba a amfani da shi, a sanar da mu ta hannun ɗalibai, za mu zo mu ɗauka. Allah ya raya mana su, ya sa albarka a hannuwansu. Amin.