Godiya Bayan Dare Uku na Kiɗa da Rawa

Alhamdu lillahi, an mayar da tabarmi da kujerun aro, baƙinmu na Mirya, Magarya, Matamai da Tanut sun isa gida lafiya, ni kuwa sai yau muryata ta fara dawowa. Tun da kuna tare da mu daga ranar da muka fara tara kuɗin bikinmu na kiɗa da rawa a nan Damagaram dala-dala bayan kaka, ba zan maimaita abin da kuka gani ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dare na biyu, lokacin da injin wuta ya mutu, fili ya yi duhu, mata suka shiga kiran 'ya'yansu. Daga gefe na ji hayaniya ta tashi tsakanin samarin fada biyu, wato majalisun hira da shan shayi na matasa, ɗaya ta unguwar Birni ɗaya ta unguwar Zango, waɗanda suka shekara ba su sha shayi tare ba. Wallahi gwiwoyina sun yi sanyi, domin ni na roƙi iyaye su bar yaransu su fito.

A cikin duhun nan ne Baba mai kalangu, wanda ya zo daga Mirya da kuɗin motarsa, ya matse kalangu a hammata ya fara taken mahauta a hankali. Matan Buzaye na Tanut suka yayyafa wa fatar tande, gangarsu ta turmi, ruwa, suka amsa masa da tafi da guɗa. Sai 'yan kabu-kabu, ba tare da an umarce su ba, suka kewaye fili suka kunna fitilun baburansu, ƙura tana tashi a cikin hasken. Wani dattijo Bafulatani ya ja hannun wani Babarbare yana yi masa ba'a cewa ƙafarsa ba ta san rawa ba, aka fashe da dariya, kafin in ankara samarin nan sun shiga da'ira ɗaya suna liƙa wa makaɗi kuɗi. Wannan wasan barkwanci na taubasai, wanda UNESCO ta saka cikin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar, na sha jin labarinsa a rediyo, amma a daren nan na ga ya kashe wutar rikici da idona. Damagaram ta saba da haka tun zamanin da ayarin fatake ke sauka a Zango, a wajen ganuwar da Sarki Tanimu ya gina.

Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Gwaggo, kin hana in ambace ki, amma ki yi mini afuwa: ke kika dama furar da makaɗa talatin suka sha, kika ƙi karɓar ko dala. Allah Ya kai ki Makka, Ya shirya miki zuriya, Ya jiƙan iyayenki. 'Yan kabu-kabun da suka ƙona mansu, Allah Ya mayar muku da ninkinsa, Ya tsare ku a hanya.

'Yan uwanmu na Yamai da suka yi alkawari, mun san kusan kilomita 900 ba nan kusa ba ne, sai dai ko kiran waya da ya sanyaya mana rai. Kujerun da muka ware muku a sahun gaba, tsofaffin unguwar Karkada ne suka zauna a kai har aka tashi.