Daga Oslo zuwa Larvik, a bin sawun Colin Archer

Lokacin zafi akwai ƙaramin jirgin ruwa da ke kwasar mutane daga gaban zauren birnin Oslo, babban birnin Norwe, zuwa unguwar Bygdøy, shi na hau. Zafin nasu ne dai, ni rigar sanyina na jikina har muka sauka. Abin da ya kai ni shi ne Fram, jirgin katakon da aka jawo tudu aka gina masa gida a kansa, aka buɗe wa jama'a a 1936.

Da shigata sai na tsinci kaina a ƙarƙashin cikinsa. Tsawonsa mita 39, faɗinsa mita 11, gajere ne mai tumbi, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Da gangan aka yi shi haka. Fridtjof Nansen, ɗan Norwe mai binciken yankunan ƙanƙara, ya so jirgin da zai bari ƙanƙarar tekun arewa ta kama shi, ta yi ta tafiya da shi shekara da shekaru, alhali jiragen da suka riga shi matse su ƙanƙarar ta yi har suka farfashe. Colin Archer, maƙerin jiragen ruwa na garin Larvik, ya ƙera masa gindi zagayayye, sumul, babu inda ƙanƙara za ta riƙe. In ta matso ta dama da hagu sai jirgin ya sulɓe sama, kamar ƙwallon mangwaro in ka matse shi a tafin hannu. Kaurin bangonsa ya haura rabin mita, kuma ana iya janye abin tuƙi da farfela sama don kada su karye.

Na hau ciki. Warin kwalta da tsohon katako na nan har yau, ɗakunan kwanan kuwa in ka miƙa hannu biyu ka kusa taɓa bango da bango. A nan mutane suka zauna daga 1893 zuwa 1896, suka dawo da ransu. Jirgin nan dai ya sake tafiya arewa da matuƙinsa Otto Sverdrup, sannan ya kai Roald Amundsen kudu, inda ya riga kowa taka ƙarshen kudancin duniya a Disamban 1911.

Washegari na kama jirgin ƙasa zuwa Larvik, tafiyar awa biyu ko kusa, gonaki da daji da ruwa suna ta wucewa. Gari ne ƙarami a bakin teku, tashar ma dab take da ruwa. Da ƙafa na taka zuwa Tollerodden, gidan da aka haifi Archer a 1832. Iyayensa mutanen Sikotlan ne da suka yi ƙaura zuwa Norwe. Yana saurayi ya bi 'yan'uwansa Ostireliya, ya yi kiwo a Queensland, ya dawo gida a 1861 da ɗan abin hannunsa. Bai yi makarantar ƙirar jirgi ba. Karatu ya duƙufa a kai shi kaɗai, yana gwadawa a bakin ruwan bayan gidansu, har ya ƙera jirage sama da 200 kafin rasuwarsa a 1921. Fram kuwa a Rekkevik aka haɗa shi, can gefen gari, aka tura shi ruwa a 1892.

A ganina Fram ya danne aikin Archer mafi amfani. Masu jagorar jirage zuwa tasha da masunta suna ta halaka a gaɓar Norwe saboda kwale-kwalensu ba su iya guguwa. Archer ya ɗauki tsohuwar ƙirar mutanen yankin, mai tsini gaba da baya, ya zurfafa ta, ya sa nauyi a ƙasa don in igiya ta kwantar da jirgi ya miƙe da kansa. Da ƙungiyar ceto a teku, wadda aka kafa a 1891, ta nemi jirgi, shi ya ƙera mata a 1893, aka sa masa sunansa. Irin waɗannan jiragen ne suka riƙa bin masunta har Lofoten da Finnmark a arewacin Norwe, suna jawo waɗanda ruwa ya fi ƙarfinsu. Busasshen kifin nan mai tauri da ake sarawa da adda a kasuwanninmu, daga wannan gaɓar ake kawo da yawansa.

Masu kuɗi ma sun zo masa da buƙatar jiragen shaƙatawa. Ɗaya daga ciki, Asgard, ya ƙera wa marubuci Erskine Childers da matarsa a 1905 a matsayin kyautar aure, sai ga shi a 1914 an loda masa bindigogi an kai wa masu neman 'yancin Ailan a tashar Howth kusa da Dublin. Yanzu yana gidan tarihi a Dublin. Na duba kuɗin tikitin zuwa can a waya ina jiran jirgin komawa Oslo, aljihu ya ce a bari sai wata shekara.