Man giya da na haidurolik a tsohuwar tarakta: inda na yi ɓarna

Ƙannena da kuka gaji tsohuwar tarakta, ko kuka sayi ta hannu, na san baƙin man inji kuka fi sa wa ido. Kullum da safe sai an zaro sandar awo an duba shi. Man da ke baya kuwa, wanda giya da aksil da famfon ɗaga garma suke sha, sai ya yi shekaru babu mai leƙa shi. A can na yi tawa ɓarnar, kuma gyaran baya ba wasa ba ne, sau da yawa sai an kwance rabin tarakta kafin hannu ya kai ga abin da ya lalace.

A taraktoci irin su Ferguson TE20, Ford 8N da Massey Ferguson 135, ma'ajiyar mai ɗaya ce a baya. Man da ke shiga tsakanin haƙoran giya, shi famfo yake zuƙa ya ɗaga garma, shi kuma yake jiƙa aksil. Ban san haka ba lokacin da hannun ɗaga garmar 135 ɗina ya fara sanyi. Na juye tsohon mai, na cika ta da man haidurolik zalla, irin mai lamba AW 68 da ake zuba wa injinan masana'antu. Garma ta riƙa tashi tsaf, har ina yabon kaina. Kafin damina ta ƙare giya ta fara kuka in an ɗora mata nauyi. Da na kwance notin juye mai na tari man a tafin hannu, sai ga garin ƙarfe yana walƙiya a rana. Wancan man an yi shi ne don famfo kawai, ba shi da sinadarin da ke hana haƙoran giya cin juna in nauyi ya matse su.

Sai na tsallaka ɗaya ɓangaren, wai na yi hankali. Na nemo man giya mafi kauri, 85W-140 mai alamar GL-5, na ce yanzu haƙora za su huta. Sun huta ɗin, famfo ne ya shiga uku. Da safe in akwai sanyi man ba ya gudu, famfo yana zuƙa ba ya samu, sai ka ji yana ƙara, garma tana tashi da fizga. Famfon da ke aiki da yunwar mai ba ya daɗewa. Akwai kuma illar da ido ba ya gani: man GL-5 yana ɗauke da farar wuta da fosfaros masu yawa, kuma in ya yi zafi farar wutar na iya cin sassan tagulla, waɗanda tsofaffin famfunan Ferguson da na Ford 8N suke da su. Gaskiya kamfanoni da dama yanzu sun rage wannan illa, amma in ba a rubuta a jikin jarka cewa ba ya taɓa tagulla ba, ni ba na zuba shi. Ford 8N, wadda aka ƙera daga 1947 zuwa 1952, man giya SAE 90 aka tsara mata a lokacin zafi.

Kada lambobin nan su ruɗe ku. Ma'aunin man giya daban, na man inji daban. SAE 90 na giya kaurinsa bai wuce na baƙin mai SAE 40 ko 50 ba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, birkin taraktarku busasshe ne ko a cikin mai yake? Na 135 busasshe ne, man baya bai shafe shi ba. Amma Ford 5000 da mafi yawan manyan taraktocin da suka biyo bayanta, faifan birkinsu a nutse yake cikin man aksil. In man ba shi da sinadarin daidaita santsi, kana taka birki za ka ji gurnani, tarakta duka tana karkarwa, faifan kuma yana cinyewa. Don irin waɗannan aka yi man da ake kira UTTO, mai haɗa aikin giya da famfo da birki. Akwai kuma STOU, wanda har inji ake zuba wa. Su ma ba kowanne ne ya dace ba. Juya jarkar ku karanta bayanta, ku nemi lambar da littafin taraktarku ya ambata: M2C134-D ga Ford, M1135 ko M1143 ko M1145 ga Massey Ferguson, J20C ga John Deere, MS1207 ga Case IH. Hoton tarakta a gaban jarka ba shaida ba ne.

Ku yi hattara da man da aka rubuta wa 303 kawai. Tsohuwar lambar John Deere ce da aka daina amfani da ita tun 1974, don haka babu wani mizanin da ake gwada shi da shi a yau, kowa abin da ya ga dama yake ɗurawa. Jihar Missouri a Amurka ta hana sayar da shi a 2017 bayan an gwada shi an ga bai kai ba. Araha ba ta ado.

Wani zai ce ya zuba UTTO a tsohuwar tarakta sai ta fara yoyo, garma kuma tana sauka da kanta in mai ya yi zafi. Hakan na faruwa, don ya fi tsohon man ruwa-ruwa. Amma ba shi ya kawo cutar ba, tona ta ya yi. Robobin toshiya ne suka bushe, ko zoben fistin ɗaga garma ya cinye. Ku sauya su, kada ku rufe matsalar da mai kauri kamar yadda na yi.

Ranar sauya mai, ku fara yin aiki da ita har man ya ɗumi, ku sauke garma ƙasa don abin da ke cikin silinda ya dawo, sannan ku kwance notin juyewa gaba ɗaya, domin 8N guda uku gare ta, in kun buɗe ɗaya kun bar datti a sauran. Ku wanke ragar tace mai in taraktar tana da ita. In man ya fito fari-fari, ruwa ne ya shiga, kuma galibi ta yagaggiyar robar da ke gindin sandar giya yake bi in an bar tarakta a waje ruwan sama na dukanta. Ku sauya robar kafin ku zuba sabon mai.