Abin da tsofaffin libarba suka koya mini

Duk wanda ya yi aikin rajistar kayan tarihi ya san tsohuwar bindiga ba ta zuwa ita kaɗai, da labarinta take zuwa. Libarba ma ta fi, domin a wajenmu galibi ana danganta ta da zuwan Turawa. Aikina a ɗakin ajiya shi ne in cika wa kowace katinta: ƙasar da aka ƙera ta, kamfanin da ya ƙera ta, da zamaninta. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne in raba abin da ƙarfen ya nuna da abin da bakin mutane ya faɗa, in rubuta kowanne a gurbinsa, ba tare da na raina ɗaya ba.

Kafin komai sai an buɗe ta an tabbatar babu harsashi a ciki, ko da tsatsa ta cinye ta. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Abin da ya fi ruɗar sabon shiga shi ne shekarar da zai gani a jikin bindiga. Ido na faɗawa kan lamba huɗu sai zuciya ta ce an gama. Libarbar sojan Faransa da ake kira samfurin 1892, irin wadda hafsoshinsu suka riƙe a zamanin da suka shigo Damagaram, tana ɗauke da shekara biyu. A saman bututun an rubuta 1892, wato shekarar samfurin, kuma haka take a kan dukkansu har waɗanda aka ƙera bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A gefen bututun kuma akwai harafin S da wata shekara, ita ce shekarar da masana'antar Saint-Étienne ta yi shi. Ta biyun ce ke shiga kati. Haka Colt ta Amurka, samfurin 1873: shekarun 1871 da 1872 da 1875 da ke gefenta na rajistar haƙƙin ƙira ne, an ci gaba da buga su shekaru da dama bayan nan. Irin wannan shekara abin da take faɗa kawai shi ne bindigar ba ta girme ta ba.

Tun da na gane haka na daina rubuta “an ƙera ta a shekara kaza” sai da hujja ƙwaƙƙwara. Na fi rubuta “ba kafin shekara kaza ba”. Wasu abokan aiki na ganin kamar kasawa ce, ni kuwa ina ganin ita ce jimla mafi amfani a katin, domin wanda zai zo bayana zai iya ɗora bincike a kanta bai rushe ba.

Inda wannan ya fi nauyi shi ne kan Webley ta Ingila, wadda ake karya ta daga sama ta tofo kwanson harsashi shida lokaci guda. Sojan Ingila ya karɓi samfurinta na farko a 1887, na huɗu a 1899, na biyar a 1913, na shida a 1915. Na farkon ƙotarsu a lanƙwashe take kuma galibi bututunsu inci huɗu ne, na shida kuwa ƙotarsa mai kusurwa ce, bututunsa inci shida. Wani dattijo ya taɓa kawo mana ɗaya a naɗe cikin tsohon rawani, ya ce kakansa ne ya ƙwace ta a hannun Bature ranar Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Yulin 1903. Ina ganin ƙotar na san samfuri na shida ce, ga 1917 a buge a gefenta. Na ce masa, “Baba, wannan ba ta ga Burmi ba, shekara goma sha huɗu ke tsakaninsu. Amma ko a gidanku akwai wanda ya yi soja?” Ya yi shiru, can ya ce, “Ɗana, ƙanen mahaifina ya je yaƙin Bama.” Ƙasar Burma yake nufi, a Yaƙin Duniya na Biyu. Ban rubuta cewa daga can ta fito ba, don ƙarfen bai nuna haka ba. Na rubuta maganarsa ta farko da ta biyu yadda ya faɗe su, na rubuta abin da na gani a ƙasansu. Mai yiwuwa ne kakan nasa ya halarci Burmi da gaske, labarin ne ya rasa abin da zai jingina da shi a gidan sai wannan bindigar. Ba ni da ikon share wa mutane tarihin kakansu saboda lamba ɗaya, kamar yadda ba ni da ikon mayar da 1917 ta koma 1903.

Bayan shekaru sai ƙananan hatimai, waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake karanta su. Kibiyar da gwamnatin Ingila ke buga wa kayanta, mai kama da sawun kaza, tana nuna bindigar ta soja ce. Idan kibiyoyi biyu ne suna fuskantar juna, an sallame ta daga aiki an sayar. Gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, ya sauya hatiminsa a 1904 zuwa haruffa irin su BV da BP a ƙarƙashin kambi, sannan BNP ya zo a tsakiyar shekarun 1950. Don haka in ka ga BNP a kan libarbar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba ƙarya ba ce, an sake gwada ta ne lokacin da ta shiga kasuwa. Hatimi kuma shi ke tona asirin kwaikwayo. Webley ta fito da wata ’yar guntuwa mai suna British Bull Dog a shekarun 1870, maƙeran Beljiyam suka yi ta kwafarta har da sunan. Sai ka juya gangar harsashin ka tarar da ELG cikin da'ira, hatimin birnin Liège. In da kambi a saman da'irar, daga 1893 zuwa sama ne.

Abin da ke ɓata mini rai har yanzu shi ne bindigar da aka goge da samfefa don a kawo ta tana ƙyalli. Mai ita alheri ya nufa, amma hatiman nan ba su da zurfi, shafa kaɗan ke tafiya da su, kuma ba sa dawowa. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun isa. Haka gyaran maƙeranmu, ƙusar da aka sauya ko ƙotar da aka sassaƙa da icen gida bayan ta asali ta fashe, ba na bari a cire su don a mayar da ita “yadda take”. Ina ɗaukar hotonsu in ba su layinsu a kati, domin a jikin bindigar su kaɗai ne shaidar shekarun da ta yi a hannun mutanenmu, kamfanin da ya ƙera ta bai buga wa wannan zamanin hatimi ba.