Libarba mai araha, ƙotar ƙirya da kuben Marwa

A makon jiya na tashi daga Garwa zuwa Marwa da wata takarda a ninke cikin aljihu, wadda na zana surar ƙaramar bindiga a kanta, na rubuta tsawo da kauri da santimita a kowane gefe. Wajen wani dattijon baduku na kai ta, a kusa da kasuwar masu sana'ar hannu, domin ina so ya ɗinka mini kube. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ba wuƙa ba ce. Ina ita mai kuben take?" Na ce, "Baba, tana can Amurka a kulle cikin akwatin ƙarfe, kuma ba za ta taɓa ganin Kamaru ba." Sai da ya ji haka ya gyara zama, ya jawo fatar bijimi mai kauri daga ƙarƙashin tabarma.

Tambayarsa tana kan hanya. A ƙasar da mutane suka sha wahalar 'yan fashin hanya da ake kira zargina, suka kuma ga abin da Boko Haram ta yi a yankin Arewa Mai Nisa, maganar bindiga ba ta raha ba ce. Dokar ranar 14 ga Disamba 2016 ta tsara sha'anin makamai da harsasai a Kamaru, kuma ba a riƙe irin wannan makami sai da izinin hukuma. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan ya faru ne a can inda nake aiki, inda mai takardar zama ta dindindin da ya kai shekara 21 zai iya sayen ƙaramar bindiga a kantin da ke da lasisi, bayan ya cika fom an kuma binciki tarihinsa.

Irin bindigar da nake magana a kai ita ce wadda tsofaffinmu ke kira libarba, mai ganga da ke juyawa, a cikin gangar kuma akwai ɗakuna shida na harsashi. A wajen maharbanmu kalmar kunama takan ɗauki abin da ake ɗanawa da abin da ake ja gaba ɗaya, amma a nan dole in raba su: wanda babban yatsa ke ja baya zan kira shi guduma, wanda manuniya ke matsawa kuma shi ne kunama. A wannan samfurin aiki ɗaya tak kunama take yi, wato sakin gudumar da ka riga ka ɗana, don haka kafin kowane harbi sai ka sa babban yatsa ka ja guduma. Surarta ta samo asali daga Colt Single Action Army ta 1873, wadda sojojin Amurka suka riƙe, wadda kuma muka sani a hannun kaboyi a majigi tun muna yara. Kamfanin Colt ya dakatar da ƙera ta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai dawo da ita ba sai 1956, kuma a wannan giɓin ne kamfanin Ruger ya fito da Single-Six a 1953, mai irin wannan sura amma da ƙaramin harsashi mai sauƙin kuɗi.

Harsashin nan shi ne .22 Long Rifle, wanda ya fito tun 1887. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana zagaye ne a cikin gefen gindin kwanso, ba a tsakiya ba, shi ya sa allurar bugu, wato ɗan tsinin ƙarfen da ke isar da bugun guduma ga harsashi, take dukan baki-baki. Dalmarsa ba ta wuce giram biyu da rabi da 'yan kai ba, ƙararsa kaɗan ce idan aka kwatanta da manyan harsasai, bugunsa a hannu kuwa kamar a taɓa ka ne. Ƙanƙantar tasa ba ta hana shi kisa, kuma a jikin kwalinsa akan rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya ko ɗaya da rabi.

Guda biyu na mallaka. Ta farko Heritage Rough Rider ce mai bututu inci 6.5, wadda na saya ƙasa da dalar Amurka 150 a lokacin rangwame. Kamfanin Taurus ne ya sayi Heritage a 2012, kuma yanzu a garin Bainbridge na jihar Jojiya ake ƙera su. Ta biyu Ruger Wrangler ce, wadda ta fito a 2019 da farashin kamfani dala 249, wato wajen dubu 150 na sefa, mai bututu inci 4.62, jikinta na alminiyam, an shafe ta da wani fenti mai tauri da ake kira Cerakote. Single-Six ta asali, mai jikin ƙarfe, kuɗinta ya ninka na Wrangler fiye da biyu, kuma a hannun wani abokina kawai na taɓa harba ta.

Masu gardama a kan waɗannan biyun sun fi yawan magana a kan wadda ta fi samun abin da aka auna, ni kuwa ban ga abin gardama a nan ba. A nisan taku goma sha biyar, idan na kuskure gwangwanin madara, hannuna ne ya kuskure, ko da wacce nake riƙe da ita. Bambancin da ake ji a jiki yana wajen ɗura harsashi da wajen kariya. Rough Rider ta bi tsohon tsari: idan kana jan guduma a hankali za ka ji ƙas sau huɗu, kuma sai ka tsayar da ita a rabi kafin ganga ta saku ka buɗe 'yar ƙofar da ke dama ka zuba harsashi ɗaya bayan ɗaya. An ƙara mata wani ɗan makulli a hagu, wanda idan ka ɗaga shi yake tare guduma. Masu son tsohuwar sura suna cewa makullin ya ɓata mata fuska, kuma da gaskiyarsu, amma na ga amfaninsa ranar da nake koya wa wani ɗan'uwa da bai taɓa riƙe bindiga ba. Duk da makullin, al'adar da na gada daga tsofaffin filin harbi ita ce a bar ɗakin da ke ƙarƙashin guduma fayau: ka zuba ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka zuba huɗu, sai ka ɗana ka saukar da guduma a hankali a kan ɗakin da babu komai.

Wrangler kuma ta ɗauki dabarar da Ruger ya shigo da ita a 1973. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke tasowa tsakanin guduma da allura, kuma ba ya tasowa sai an matsa kunama har ƙarshe, ta yadda ko bindigar ta faɗi a kan gudumarta bugun ba zai kai ga harsashi ba. Wajen ɗuri ba ka taɓa guduma sam, da ka buɗe ƙofa ganga ta saku tana juyawa. Ta wannan fuskar Wrangler ta fi kwantar mini da hankali, kuma ita zan nuna wa wanda zai sayi guda ɗaya tak. Inda Rough Rider ta yi zarra shi ne ana iya samun ta da ganga ta biyu ta .22 Magnum, harsashin da kamfanin Winchester ya fitar a 1959, wanda ya fi tsawo da ƙarfi da tsada. Zare sandar tsakiya kawai ake yi a musanya gangar. Wrangler ta farko ba ta da wannan, sai a 2023 aka fito da Super Wrangler mai jikin ƙarfe da ganga biyu. Abin kiyayewa shi ne kada a sa ƙaramin harsashi a gangar Magnum don an ga ya shiga, domin ɗakin ya fi shi faɗi kuma kwanson yana iya tsagewa. Ni dai gangar Magnum ɗina ta fi zama a cikin akwati, saboda gwangwani ba ya bambanta wanda ya huda shi.

Abin da ya sa na ƙaunaci wannan samfurin shi ne jinkirinsa. Bayan harbi biyar ko shida sai ka buɗe ƙofa, ka tura sandar da ke ƙarƙashin bututu ka fitar da kwanso ɗaya, ka juya ganga, ka fitar da na biyu, haka har su ƙare. Kwalin harsashi hamsin da mai bindiga ta zamani zai ƙone cikin 'yan mintuna yakan kai ni kusan awa guda, kuma a cikin wannan awar kowane harbi sai na tsaya na yi numfashi na daidaita saiti. Yakan tuna mini da wani maharbi da na sani ina yaro a unguwar Yelwa, wanda yake auna albarushi a tafin hannu, ya dunƙule tsumma ya danna da sanda, domin ya san harbi ɗaya gare shi.

Sai maganar gyare-gyare, inda mai araha yake kashe kuɗin da ya yi tattali. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a filin harbi na ga akasin haka: mutum zai sayi bindigar dala 130 ya zuba mata kayan ado na dala 200, yana murna. Nima ban tsira ba. Kuskurena na farko shi ne amfani da sukurudireban gyaran mota a kan kusoshinta. Bakin irin wannan sukurudireba a karkace yake kamar na gatari, tsagar kusar bindiga kuwa a miƙe take, sai ya zame ya yagi kan kusar, tabon yana nan har yau. Kuskure na biyu ya fi ciwo. Na lura ɗaya daga cikin biyun tana bugawa ƙasa da inda na auna, kuma ƙa'ida ita ce idan ka rage tsayin tsinin saiti na gaba harbi zai hau sama. Na ɗauki magagari na goge, ban jira na gwada da harsashi iri-iri ba, ban kuma kafa hannuna a kan jakar yashi don in tabbatar daga ina matsalar take ba. Daga baya na gane ni ne nake dankwafar da baki a lokacin matsa kunama. Da hannuna ya gyaru, bindigar ta koma bugawa sama da kusan faɗin tafi, kuma ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Garin neman ƙiba na samo rama, yanzu sai in auna ƙasan gwangwani idan ina son tsakiyarsa.

Tun daga nan na raba gyara gida biyu. Abin da ke waje, wanda za a iya cirewa a mayar da na asali, nakan yi shi da kaina: ɗigon farin fenti a bayan tsinin saiti don ido ya kama shi a inuwa, duba kusoshi bayan kowane zuwa fili domin girgiza takan kwance su, da wanke ɗakunan ganga daga dauɗar kakin da ke jikin dalma, wadda idan ta taru kwanso yake maƙalewa. Abin da ke ciki kuwa, irin su sassauta sifirin ko goge haƙoran da ke riƙe guduma don kunama ta yi laushi, ba na taɓa shi. Harsashi mai kunnawa ta gefe yana buƙatar duka mai ƙarfi, kuma sifirin mai rauni yakan jawo ƙin tashi, haƙorin da aka goge fiye da kima kuma yana iya sakin guduma ba a nema ba. Wannan aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi, kuma ladansa zai kusan kai kuɗin bindigar.

Gyaran da ya fi faranta mini rai a nan gida aka yi shi. Ƙotar Wrangler faifai biyu ne na baƙar roba da kusa ɗaya ke haɗawa, kuma girmansu ɗaya da na Single-Six, shi ya sa ake samun madadinsu da yawa a kasuwa. A zuwana na bara na kwance su na zo da su, na kai wa wani masassaƙi a Garwa wanda aikinsa ƙotar fartanya da taɓarya. Ya zaɓi ƙirya, itacen da maƙera ke son gawayinsa saboda taurinsa, ya ce wanda ya daɗe da bushewa zai sa don kada ya tsage idan ya shiga ƙasar sanyi. Kwana uku ya yi yana kankara da 'yar wuƙa yana gwadawa da na roba, ya gama ya shafe su da man kaɗanya har suka yi ja mai duhu. Da na koma sai da na ɗan goge cikin ɗaya da sandfefa kafin ya zauna daram, kuma nauyin itacen ya ja ma'aunin bindigar baya kaɗan zuwa tafin hannu, abin da ban yi tsammani ba amma na ji daɗinsa. A filin harbi an tambaye ni sunan kamfanin da ya yi su fiye da sau ɗaya.

Kuben kuwa yana da tasa matsalar, kuma dattijon ne ya fara faɗa mini ita. Fatar akuya da ake jima da bagaruwa a rina ta ja, wadda aka san Marwa da ita, ta yi laushi da yawa ga wannan aiki, don haka ya ce da fatar bijimi zai yi jikin, ya yi ado da jar fatar a baki kawai. Ya kuma ce kube na ƙwarai a jikin abinsa ake matsa shi yana da danshi, takarda kuwa ba ta da kauri, saboda haka zai bar sarari kamar na yatsa ɗaya, idan na isa in jiƙa fatar in naɗe bindigar da leda in cusa ta ta kwana. Na ce masa ina so bakin kuben ya rufe kunama gaba ɗaya, ya sa alama da tsinken ɗinki a kan takardar. Da zan tafi ya ƙara da cewa, "Ɗana, kada ka bar ƙarfe ya yi damina a cikin fata, tsatsa za ta cinye shi. Haka muke gaya wa masu takobi." Na biya rabin kuɗin, muka yi alkawarin ranar Litinin ta sama zan aiko yaron mota ya karɓa.