Shekarun da aka rubuta wa gem ba su ne shekarun bidiyonsa ba

Iyaye da yawa in suka leƙa wayar yaro suka ga ana jera tubala ana gina gida a Minecraft, sai hankalinsu ya kwanta. An ce wasan na yara ne, shi ke nan. Amma bidiyon da yaron ke kallo a YouTube ya wuce wasan. Akwai mutumin da ke bugawa yana zuba surutu a kai, akwai tallan da ya cusa a tsakiya, ga sharhin jama'a a ƙasa, ga kuma bidiyon da zai buɗe kansa da zarar wannan ya ƙare. Hukumomin da ke tantance wasanni ba su duba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Duk da haka da su za a fara, don aikin minti ɗaya ne. ESRB ta Amurka, wadda aka kafa a 1994, tana amfani da haruffa: E na kowa, E10+ daga shekara 10, T daga 13, M daga 17. PEGI ta Turai, tun 2003, lambobi take sawa: 3, 7, 12, 16, 18. Ku rubuta sunan wasan a shafin ɗaya daga cikinsu, za ku ga matakinsa da dalilin ba shi matakin, ko jini ne, ko ashar, ko abin tsoro. Minecraft na da PEGI 7, Fortnite 12, GTA V kuwa 18. Sai dai wannan ma'auni gefe ɗaya yake aiki. In wasan na 'yan 18 ne, bidiyonsa ma na 'yan 18 ne, babu sauran bincike. In kuwa na 'yan 7 ne, bai gaya muku komai ba game da bakin mai bugawa.

Wani lokaci gane wasan ma aiki ne. Akwai tarin bidiyoyi masu hoton Spider-Man da motoci kala-kala suna tsalle a kan gada, da gani ka ce na 'yan firamare ne, alhali GTA V ne aka sauya wa 'yan wasan kaya. Harbi da banke mutane da mota suna nan yadda suke. Ku buɗe bayanin da ke ƙasan bidiyon, sau da yawa sunan ainihin wasan na nan. Haka wasannin ban tsoro masu kama da 'yar tsana, irin su Five Nights at Freddy's da Poppy Playtime, inda ake shiru sai dodo ya faɗo a fuska da ƙara. Yaron da ya fara ƙin kwana shi kaɗai ba tare da wani dalili ba, a duba nan tukuna. Roblox kuma ba wasa ɗaya ba ne, dandali ne mai ɗimbin wasannin da mutane daban-daban suka ƙirƙira, don haka "Roblox nake kallo" ba amsa ba ce. A tambayi wanne.

Babban aikin yana kan mai tashar, kuma bidiyo ɗaya ba ya isa a yanke masa hukunci. Ku ɗauki uku: na baya-bayan nan, wanda aka fi kalla, da ɗaya mai tsawo wanda ya haura minti 30. Kada ku tsaya a farko. Masu tasha kan kama bakinsu a farkon bidiyo, halinsu na gaskiya sai an kashe su a wasan ko an ci su. Ku tsallaka tsakiya da kusa da ƙarshe. A bidiyoyi da yawa YouTube na nuna wani ɗan tudu a saman layin lokaci, wato wurin da aka fi maimaitawa. Ku latsa nan, don nan ne yaranku ma za su maimaita.

Akwai dabarar da ta fi wannan sauri. A cikin bayanin bidiyo akwai wurin da ake buɗe rubutaccen zancen da aka yi gaba ɗaya. In da Turanci aka yi, kuma na'ura ce ta rubuta, takan maye gurbin ashar da wannan alama: [ __ ]. Ku gangara da ido ku ƙirga. Bidiyon minti 20 za ku gama da shi cikin minti biyu, a kwamfuta ma kuna iya neman kalma kai tsaye. Inda dabarar ke gazawa shi ne habaici da batsar da aka lulluɓe cikin raha, domin kalmomin kansu ba su da laifi. Ba ta kuma nuna ihu. Shi ya sa dole a saurari ko da minti biyar ne da kunne.

A ganina ma ashar ba ita ce mafi muni ba, tunda yaro ya san ba a faɗarta a gaban manya. Abin da ke shiga jikinsa ba tare da ya sani ba shi ne yadda mutumin ke mu'amala. Yana wulaƙanta wanda bai iya wasa ba? Yana jifa da abin bugawa in ya sha kaye? Rahar tasa a kan mata take, ko launin fata, ko nakasar wani? Wannan yaro zai kwasa ya kai wa ƙannensa, har da muryar.

Sai batun kuɗi. Akwai bidiyoyin da ba a buga komai a ciki, akwatunan sa'a kawai ake buɗewa: a biya, a buɗe, ko a dace ko a tashi a tutar babu. Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi a matsayin caca tun 2018, kuma daga 2020 ESRB da PEGI suna sa gargaɗi na musamman a kan wasannin da ke da su. Abin da yaro bai sani ba shi ne mai bidiyon na iya yanke duk inda ya yi asara ya bar inda ya ci, kuma mai yiwuwa ba ma kuɗin aljihunsa yake kashewa ba. Ku karanta liƙau ɗin da aka jera a ƙasan bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi alkawarin Robux ko V-Bucks, wato kuɗin cikin wasan Roblox da Fortnite, kyauta, sannan ya nemi sunan asusu da kalmar sirri, damfara ce, kuma tashar da ke tallata shi ta faɗi jarrabawa nan take. Gayyatar shiga zauren Discord, wata manhajar hira, ita ma a lura da ita, don ta fitar da yaro daga kallo ta kai shi hira da baƙi, kuma ƙa'idar manhajar shekara 13 ce zuwa sama.

Shirin kai tsaye ba ya tantancuwa, tunda abin bai faru ba tukuna. Ko mai tashar kamili ne, dubban masu rubutu a gefe ba shi ke riƙe da bakinsu ba, kuma a wasu tashoshin wanda ya tura kuɗi na'ura ce ke karanta saƙonsa da murya kowa ya ji. Twitch, dandalin irin waɗannan shirye-shiryen, ba ta yarda da wanda bai kai 13 ba. Ƙasa da haka, a jira a ɗora shirin bayan an gama, a duba shi kamar sauran.

Saitin manhaja na taimakawa in an san iyakarsa. YouTube Kids, wadda ta fito a 2015, tana da rukuni uku: 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, da 9 zuwa 12. Tacewar galibi ta na'ura ce, kuma a 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce kan munanan bidiyoyi masu fuskar katun da suka tsallake ta. Ga ƙaramin yaro, zaɓin da ya fi tsaro shi ne wanda ku da kanku za ku amince da tasha ɗaya-ɗaya, wanda kuma ke rufe wurin bincike. Ga wanda ya girmi wannan manhaja, ana buɗe masa asusu mai sa ido ta Family Link, manhajar Google ta iyaye. Saitin Restricted Mode da ke babbar manhajar YouTube yana ɓoye sharhi da wasu bidiyoyin, amma a kowace na'ura da kowace burauza daban ake kunna shi. An kunna a waya an manta da talabijin, aikin banza aka yi. Lakabin "an yi don yara" kuwa, wanda ya zo bayan tarar dala miliyan 170 da aka ci Google da YouTube a 2019 kan tattara bayanan yara, galibi mai tashar ne ke sa wa kansa. Yana rufe sharhi, amma ba shaidar inganci ba ce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙa wa yaro waya a kan asusun babba. Na'ura ba ta san hannu ya sauya ba, sai ta gauraya abin da uba ke kallo da na ɗansa. A ware masa nasa, a kashe maɓallin da ke buɗe bidiyo na gaba da kansa, don tazarar da ke tsakanin tashar da kuka duba da wadda ba ku taɓa gani ba daƙiƙu kaɗan ce. Gajerun bidiyoyin Shorts sun fi wuyar sha'ani, kowace shafa da yatsa sabuwar tasha ce, babu yadda za a bi su ɗaya-ɗaya.

Tasha ma takan canza. Wanda ya fara da ginin gidaje a Minecraft na iya komawa wasannin harbi bayan shekara biyu, don masu kallonsa sun girma, sunan tashar kuma na nan a jerin da kuka amince da shi. Ku riƙa buɗe tarihin kallo sau ɗaya a mako, ku sake gwajin bidiyo ukun nan duk bayan 'yan watanni. In kuka tarar da tarihin wayam alhali yaron ya wuni da waya, to an goge shi ko an dakatar da shi, kuma in dakatarwa ce ana iya sake kunna shi daga saitin asusun.